Yadda ake sayen tsohon injin finbol na hannu da araha, ba a sayi kifi a ruwa ba

Na farkon da na saya, a hoto na gan shi. Mai shi ya saka hotuna uku, duka injin yana kashe, ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau lokacin da aka ajiye shi. Na tura kafin alƙalami, na yi tuƙin sa'a biyu cikin sanyin Janairu na jihar Ohio, muka loda shi daga wani gareji ina ta murna na yi tsintuwa. Sai da na kai gida na haska tocila ta bayan gilashin kai, wato gilashi mai zane da ke tsaye a kan injin inda ake nuna maki, na ga fentin ya daddare kamar ƙasar fadama da rani. Ina taɓawa yana zuba kamar dusa. Injin ya tashi cikin mako biyu, da sifirit da tsumma kawai. Gilashin kuwa sai da ya ci kuɗin da ya fi wanda na sayi injin gaba ɗaya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, finbol akwati ne mai ƙafa huɗu, samansa gilashi, a ciki akwai fili mai gangara. Kana harba ƙwallon ƙarfe, ta riƙa bugun roba da bamfa, wato 'yan turaku masu tunkuɗe ƙwallo, tana tara maki, kai kuma kana tare ta da 'yan hannuwa biyu da ake kira filifa don kada ta zurma. Da sunan hannuwan nan ma Faransawa suke kiran injin duka. Filifa ta fara fitowa a 1947, a injin Humpty Dumpty na kamfanin Gottlieb da ke Chicago, garin da Williams da Bally su ma suke.

Wanda nake magana a kai shi ne na kafin zuwan kwamfuta, wanda masu harkar suke taƙaita sunansa da haruffa biyu, EM, wato mai aiki da lantarki da ƙarafa masu motsi. An daina yayinsa wajen 1977, kodayake Gottlieb ya ɗan ja shi zuwa 1979. Babu allon lantarki a cikinsa ko ɗaya. Duk lissafinsa kwayil ne da rile (makunnin da kwayil ke ja) da kwantak (bakunan ƙarfe masu haɗa wuta) da sifirin, sai wani ƙaramin moto da ke juyawa yana ba kowa umarni. Wanda ya taɓa zama yaron shago wajen mai naɗin kwayil ɗin fanka, kamar yadda na yi a Kano, zai ɗaga filin ya ji kamar ya dawo gida. Arahar tasa kuma daga nan take: masu kuɗi sun raja'a kan na shekarun 1990 zuwa yau, masu magana da kiɗa, waɗanda ake saye dubban daloli. Tsofaffin an bar su a ɗakunan ƙasa, giris ya daskare, magada suna neman wanda zai rage musu kaya.

Abin da ke motsi a injin nan kusan duka yana gyaruwa, kuma da kuɗi kaɗan. Abin da aka zana da fenti, da abin da aka cire aka yar, su ne masu cin kuɗi. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka tsayu.

Kafin ka fara nema

Auna wuri. Tsawon akwatin ya kai kusan inci 52, faɗinsa kusan 22, kan kuma ya fi jikin faɗi. Kana buƙatar fili a gaba daidai tsawon gilashin sama, domin ta gaba ake zare shi. Nauyi ya haura kilo 100, mai 'yan wasa huɗu ya fi haka. Idan a bene kake haya, tuna da maƙwabcin ƙasa: ƙararrawa ce da bugun ƙarfe na gaske, babu maɓallin rage murya.

Sannan ka yi shawara da mutanen gida, kuma ka nuna musu hoton gilashin kai tun kafin ka yi ciniki. An zana injunan nan ne don mashaya da wuraren samari, saboda haka da yawa akwai zanen mata da ba za ka so a falonka ba, wasu kuma jigonsu karta ne. Akwai na sararin samaniya, na tseren mota, na dawaki, na wasanni. Uwargida ta taɓa duba wani da na ƙyalla ido a kai, ta ce, "Abban yara, wannan dai sai dai gareji, kuma a juya fuskarsa bango." Ban saya ba.

Maganar caca ma takan taso, kuma tana da tushe. Birnin New York ya haramta finbol daga 1942, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, har zuwa 1976, lokacin da wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna cewa wasan iyawa ne. A gida ba ruwanka da kuɗi, ana saita shi ya yi wasa kyauta. Abin da za ka kauce wa shi ne injin da ake kira bingo: ya yi kama da finbol, amma ba shi da filifa, filinsa ramuka ne masu lamba. Don caca aka yi shi, cikinsa ya fi na kowa sarƙaƙiya, kuma shi ya sa ake yawan sayar da shi da arahar da ke jan ido.

Wanne za ka nema

Tsaya a kan Gottlieb, Williams da Bally, na tsakanin 1965 da 1977. Kayan gyaransu suna nan a kasuwa har yau. Chicago Coin yakan fi araha, amma kayansa sun fi wuyar samu, kuma ranar da za ka sayar sai ka yi ta jiran mai taya. Na Turai irin su Zaccaria na Italiya da Recel na Sifen suna da kyau, sai dai a Amurka ba na mai farawa ba ne.

Ka duba tsawon filifa. Kafin ƙarshen shekarun 1960 gajeru ne, inci 2. Na shekarun 1970 galibi inci 3. Yara da baƙi sun fi jin daɗin dogayen, don gajerun suna barin wawakeken gibi a tsakiya.

Sai yawan 'yan wasa. Kowane ɗan wasa yana da jerin fayafayan maki nasa a cikin kai, masu juyawa kamar mitar tafiyar tsohuwar mota. Mai mutum huɗu yana da fayafai wajen 16, mai mutum ɗaya wajen 4, kuma kowane faifai sai ka kwance shi ka wanke. Mai mutum ɗaya ya fi sauƙin gyara, wasansa kuma ya fi zurfi, tunda yana riƙe abin da ka ci daga ƙwallo zuwa ƙwallo. Matsalar ita ce masu tarawa sun san haka, musamman na Gottlieb masu kai mai faɗi a sama da tsukewa a ƙasa, shi ya sa farashinsu ya ɗaga. Ni a ganina tsakiyar ta fi: mai mutum biyu. Kamfanonin sukan fitar da fili ɗaya da suna biyu. Spirit of 76 na Gottlieb mai mutum huɗu ne, ƙaninsa Pioneer mai biyu. Haka Space Mission na Williams da Space Odyssey, haka Surf Champ da Surfer.

Wanda aka ƙera da yawa ya fi sauƙin samu da sauƙin kaya. Spirit of 76 da Space Mission kowanne an yi fiye da 10,000. Masu suna irin Fireball na 1972 da Captain Fantastic na 1976, duka na Bally, sunan kake biya. Bar wa masu shi.

Inda ake samu

Shafukan talla na Facebook Marketplace da Craigslist su ne kasuwar yau da kullum, sai gwanjon kayan gida idan mai gida ya rasu ko zai ƙaura. A Pinside, dandalin masu finbol na intanet, masu harkar ne da kansu, farashi ya fi tsayawa, amma bayani ya fi gaskiya. Akwai kuma baje-koli na shekara-shekara, kamar na Allentown a Pennsylvania, inda ake jibge matattun injuna a waje kamar 'yan gwangwan. Duk sunan da ka gani, shiga IPDB, rumbun bayanan finbol na intanet, ka ga shekararsa da hotunan yadda ya kamata ya kasance.

Koyi karanta talla. Wanda ya ce fis kawai yake buƙata, tambayi kanka me ya hana shi sa fis ɗin. Wanda ya ce na kakansa ne, bai san komai a kai ba, ya shekara 20 a ɗakin ƙasa, wannan shi kake nema. Roƙi hoto huɗu: fili daga kusa, gilashin kai ta baya, cikin kai, da cikin akwati an ɗaga fili. Kada ka tura ko sisi kafin ka gani da idonka. Na riga na biya maka kuɗin wannan darasi.

Farashi yana bin gari da lokaci, amma a abin da na saba gani, mataccen da yake cikakke yakan tsaya tsakanin dala 200 da 500, mai aiki na gama-gari kuma ya doshi 1,000 ko ya ɗan wuce. Ware wata 100 ta roba da ƙwan fitila da fis da waya.

Ranar dubawa

Tafi da tocila, mitar awon wuta, sukuddireba, sifana mai 9/16 da mai 5/8, doguwar waya, barguna, igiyar ɗaure kaya, da mutum ɗaya mai ƙarfi.

Kada ka fara da kunnawa. Fara da hanci. Buɗe ƙofar kuɗi ka sunsuna: ƙaurin ƙonewa, warin fumfuna, zarnin fitsarin ɓera, kowanne yana da labarinsa. Durƙusa ka haska ƙasan akwatin. Idan katakon ya kumbura, ko akwai layin ruwa a jiki, ko ƙafafu sun ci tsatsa har sama, ambaliya ta taɓa shiga ɗakin. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani.

Sai gilashin kai, inda na faɗi. Zanen a bayan gilashin yake, sanyi da zafi da laima suna ɗaga shi. Buɗe murfin bayan kai ka haska, ko ka sa abokinka ya haska ta baya kai kana kallo ta gaba. Duk inda haske ya ɓullo fari tas, fenti ya tafi. Ɗan tsagewa a gefe ba komai, ana fesa masa abin da zai riƙe shi. Amma idan ya ɗaɗɗago a fuskoki da wurin lambobi, sabon bugu yakan kai dala 300 ko fiye, kuma ba kowane suna ake bugawa ba. Kada ka shafa bayansa da hannu, ko da tsumma.

Yanzu fili. A cikin ƙofar kuɗi akwai wani hannu da ke sakin ƙarfen gaba; ɗage ƙarfen, zare gilashin a hankali, cire ƙwallon ka sa a aljihu. Datti ba aibi ba ne. Jiƙa yatsa ka goga wuri ɗaya: idan launi ya fito, alhamdu lillahi. Abin dubawa shi ne inda fenti ya cinye har katako ya fito, galibi kewayen bamfa, gaban filifa, da bakin ramukan da ke tofo ƙwallo. Duba kuma ko fentin ya yi tsaga-tsaga a tsaye bin jijiyar katako, alamar ya sha laima ya bushe. Ƙirga robobin ado masu zane da ke kan fili, ka gwada da hoton IPDB. Zoben roba da ya narke ko ya farfashe ba abin damuwa ba ne, duka za ka canza. Robar ado guda da ta ɓata kuwa tana iya sa ka shekara kana cigiya.

Ɗaga filin ka tokare shi. Nan ne wanda bai saba ba yake tsorata, don wayoyi ne kamar taliya. Ba sai ka fahimce su ba tukuna. Gurbi kake nema: wurin da ramukan sukurori suke amma babu abin da suka riƙe, wayoyin da aka datse suna lilo, rile da aka cire aka ba wani injin. Ka tabbata taransfoma tana nan, moton lissafi yana nan, ƙararrawa tana nan. Dubi takardar da ke naɗe da kowane kwayil; wadda ta yi baƙi ta ƙone. Kwayil ɗaya ko biyu ba tsada, in ka ga biyar to akwai abin da ya ƙone su. Tura sandar kowanne da yatsa ka ji ko tana shiga tana fita. Sai fis: zaro su ka gwada lambarsu da abin da aka rubuta a katin da ke gefensu. Idan ka tarar an naɗe fis da takardar sigari ko an sa ƙusa, wani gwani ya riga ka shiga, sai ka ƙara buɗe ido. A injin Bally, maƙalan fis ɗin kansu sukan saki, sauyinsu kuma aikin minti kaɗan ne da dalma.

Laluba ƙasan akwati ko akwai taswirar wayoyi, doguwar takarda mai ninki. Ta Bally da Williams galibi ana samu kyauta a IPDB. Ta Gottlieb sai an saya, wajen masu lasisi irin The Pinball Resource da ke jihar New York. Idan tana ciki, ka rage kashe kuɗi.

Sai yanzu za ka kunna, in wayar wutar ba ta tsattsage ba. Cire zobe da agogo. Kwayil ɗin injunan shekarun 1970 suna aiki da wuta wajen volt 25 a Gottlieb da Williams, 50 a Bally, ƙwan fitila kuma 6, amma a wasu tsofaffin wutar bango kai tsaye take zuwa har maɓallin farawa da ƙofar kuɗi. Danna maɓallin ka kasa kunne. Mai lafiya zai yi ƙwas, moto ya juya, fayafayan maki su koma sifiri, ya tofo ƙwallo, ya yi shiru. Abin da aka fi tararwa shi ne moto ya yi ta juyawa ba tsayawa. Mai shi zai ɗauka injin ya haukace. Kai kuwa ka duba fayafayan: kusan kullum ɗaya ne ya maƙale bai kai sifiri ba, ko kwantak ɗinsa ya yi datti, injin yana ta jiransa. Wannan ciwon shi ne abokin mai neman araha. In ka ji kwayil ya riƙe yana gurnani, ko ka ga hayaƙi, zare waya nan take.

Ciniki

Ba'amurke ba ya cewa albarka. Ko ya yi shiru, ko ya ce wani yana zuwa da yamma. Riƙe tsabar kuɗi a hannu, ka faɗi abin da ka gani ɗaya bayan ɗaya da abin da gyaransa zai ci, sannan ka yi tayi sau ɗaya mai mutunci. Kada ka kushe kayan. Wanda yake falona yanzu, wajen wata dattijuwa na saya, na mijinta ne marigayi. Ta tsaya a matakala tana kallo ina haska ciki, ta ce ita dai kada a farfasa shi a sayar da kayan. Na nuna mata faifan da ya maƙale, na juya shi da yatsa zuwa sifiri, moto ya tsaya, ƙwallo ta fito, ƙararrawa ta buga karo na farko cikin shekaru. Na san na ɓata wa kaina ciniki. Ta yi dariya har da ƙwalla, ta sallama a kuɗin da na taya tun farko.

In gilashi da fili duka sun lalace, tafi abinka, ko nawa aka rage. Araha ba ta ado.

Ɗauka

Ɗauki hoton duk filogin da ke haɗa kai da jiki kafin ka zare su, ka zare a miƙe ba tare da lanƙwasa haƙoran ba. Cire gilashin kai, ka naɗe shi a bargo, ya zauna a tsaye a kujerar baya. Kan waɗannan tsofaffin ba ya ninkewa, kusoshi huɗu ne suke riƙe da shi, abokinka ya tallafe kafin ka kwance na ƙarshe. Cire ƙwallo, da ta wasa da wata da ke cikin akwati ta gefen hagu mai gane an ɗaga injin, da akwatin kuɗi. Kwance ƙafafun baya, ku sauke gindin ƙasa, ku tsayar da shi a kan bayansa, sannan ku cire na gaba. Kada a taɓa tsayar da shi a kan ƙofar kuɗi. Gilashin sama kuma kada gefensa ya taɓa siminti. Idan lokacin sanyi ne, bar gilashin kai cikin bargonsa ya kwana kafin ka buɗe shi a ɗaki mai ɗumi.

Wanda yake tunanin sa shi a kwantena zuwa Kano ko Yamai: wutar Amurka volt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugu 50. Taransfomar rage wuta za ta magance ƙarfin, amma moton zai ɗan yi nawa. Wanda aka ƙera don kasuwar Turai ya fi dacewa da wutarmu.

Makon farko a gida

Fara da canza wayar wuta zuwa mai baki uku, ka haɗa wayar at, wato ta ƙasa, da ƙarafan da hannu ke taɓawa. Sa fis masu lambar da aka rubuta. Bayan haka ka haramta wa kanka abu biyu. Na ɗaya, feshi: kada WD-40 ko maganin wanke kwantak na gwangwani ya kusanci cikin injin. Kwantak ɗin nan tartsatsi suke yi, akwatin katako ne, an sha yin gobara a haka, kuma abin da feshin ya bari yana zama danƙo. Na biyu, lanƙwasa kwantak barkatai. Yawancinsu daidai suke tun daga masana'anta, garin neman gira sai a rasa ido.

Aikin gaskiya shi ne fayafayan maki da fayafai masu taku, wato waɗanda ke matsawa ɗaya-ɗaya suna ƙirga abubuwa kamar ƙwallo da kuɗin wasa. Ɗauki ɗaya, yi masa hoto ta kowane gefe, ƙirga zagayen sifirin ɗinsa kafin ka sake shi, kwance, wanke tsohon giris da sifirit mai ƙarfi, mayar, ka gwada da yatsa: ya taka ɗaya-ɗaya da kyau, ya koma da gudu. Sannan na gaba. Kada ka kwance biyu a lokaci ɗaya, don na biyun shi ne madubinka. Sandar kwayil a bushe take aiki, ba a sa mata mai. Kwantak ɗin da taswira ta nuna maka shi ne mai laifi, fara ɗaure sukurorinsa, ka goge bakinsa da 'yar siririyar zarto, sai in bai yi ba ka gyara tazararsa.

Wasa kyauta kuma, a faifan da ke ƙirga kuɗin wasa akwai kwantak da ke buɗewa idan ya kai sifiri; rufe shi ake yi ya zauna a haka. Goge fili, shafa masa kakin goge mota mai tauri, sa sabbin zoben roba, ka maye ƙwan fitila masu lamba 44 da masu 47, waɗanda zafinsu bai kai ba, don gilashin kai ya huta. Tsohuwar ƙwallo ka yar da ita ko da tana ƙyalli, ƙananan ramukan jikinta su ne suke cin fenti. Sabuwa mai inci 1 da 1/16 kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba a nan. Ɗaura ƙafafu, ka murɗa ƙofatun baya, wato sukurorin da ke ƙasan ƙafafu, har gangarar ta kai tsakanin digiri 3.5 da 5, ka ɗora ƙwallo a saman fili ka sake ta. In ta karkata hagu, ɗaga ƙofatun hagu kaɗan ka sake gwadawa.